Jarin Mai Turare: Yadda Aka Kusa Ɗauke Wani Saurayi a Gabashin Kano

Ƙauyen da wannan lamari ya faru yana gabashin Kano, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a babur daga Wudil. Gero da dawa da gyaɗa da wake ake nomawa, in an gama girbi samari su watse cin rani, wasu birni, wasu Legas. Na sakaya sunan garin da na mutanen saboda suna raye, wasunsu kuma har gobe ba sa son a tono maganar. Labarin na haɗa shi ne daga bakin kawun yaron, da mai unguwarsu, da malamin da ya riƙe shi daga baya.

Wudil ba baƙuwar fitinar Boko Haram ba ce. A ƙarshen Yulin 2009, a makon da rikicin mabiya Muhammad Yusuf ya ɓarke a Bauchi da Maiduguri da Potiskum, 'yan ƙungiyar sun kai hari ofishin 'yan sanda na garin. Da ƙura ta lafa, gwamnatin jiha ta rushe masallacinsu da gidan jagoransu. Gini ya tafi, amma ba duk wanda ya ɗauki karatu a cikinsa aka kama ba. Ga garin a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga karar shanu ta ranar Juma'a da ke tara fatake daga ko'ina, inda baƙuwar fuska ba abin tambaya ba ce. Mai neman samari a ɓoye da wuya ya sami wurin da ya fi wannan.

Yadda jarin ya shigo

Yaron ɗan fari ne a ɗakinsu, yana da shekara 23 a lokacin. Ya gama sakandare bai sami sakamakon da zai kai shi gaba ba, sai ya shiga birni acaɓa da babur ɗin wani Alhaji, yana kai balas kullum da yamma, yana kwana a shago. Yana cikin Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, ranar da bama-bamai da harbe-harbe suka kashe aƙalla mutum 185. Kawunsa ya ce da ya zo gida bayan nan, tsine wa maharan yake yi kamar kowa. Wannan abin lura ne, domin mutane na son su ɗauka cewa wanda aka ja, dama can zuciyarsa na wajen. Nasa ba haka ba ne.

Ranar 19 ga Janairun 2013 aka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni. Mataki ne mai hujja, tunda a kan babur maharan lokacin ke zuwa su yi harbi su ɓace. Sai dai a dare ɗaya dubban samari suka wayi gari ba sana'a, kuma ba kowa ne ya sami mai ba shi A Daidaita Sahu ba. Alhaji ya karɓe babur ɗinsa. Yaron ya koma ƙauye hannu rabbana, ga shi an riga an kai kuɗin gaisuwa gidan wata yarinya, lefe ko akwati ɗaya ba a haɗa ba.

Abokinsa na ƙuruciya, wanda suka yi makarantar allo tare, shi ya haɗa shi da wani mutum mai bin kasuwanni da turare da zuma da habbatus-sauda da ƙananan littattafai. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya ɗaga murya, ba ya musu a kan ciniki. Bayan haɗuwa kaɗan ya ba yaron naira 60,000 ya sayi ƙaramin janareta da tebur da kan caji da katin waya. Ba shaida, ba takarda, ba ranar biya. Abin da ya ce kawai: «In Allah ya hore, ka biya. Ɗan'uwa ba ya matsa wa ɗan'uwa.» A garin da manomi ke cin bashi da damina ya biya ninki da kaka, irin wannan kyautatawa ba ƙaramin abu ba ce, kuma har mahaifin yaron sai da ya sa wa mutumin albarka.

Ba na jin zaɓen sana'ar caji dace ne. Garin ba wutar lantarki, don haka kusan kowace waya sai ta kwana a teburin nan, kuma mai caji shi ne mai tura wa mutane karatu da waƙa a memori. Mai turare ya riƙa kawo masa abin turawa. Da fari ƙira'a ce da tafsirin da kowa ke ji. Daga nan sai bidiyon nan na 'yan sanda suna harbe mutane a Maiduguri a 2009, wanda tashar Aljazeera ta nuna a farkon 2010. Bidiyon gaskiya ne, shi ya sa yake da dafi: ba sai an yi wa yaro ƙarya ba, a nuna masa zalunci na haƙiƙa, sannan a gaya masa su waye kaɗai suka damu. Sai da aka yi watanni kafin wa'azin Muhammad Yusuf kansa ya shigo, shi ma ba don turawa ba, don yaron ya ji shi kaɗai.

Ƙungiyar agaji ta Mercy Corps ta fitar da rahoto a 2016 bayan ta zanta da tsofaffin 'yan Boko Haram 47 a Arewa maso Gabas. Abu biyu da suka yi ta fitowa daga bakinsu su ne tasirin aboki ko ɗan'uwa ko abokin sana'a, da rancen jari da ƙungiyar ke bai wa masu ƙananan sana'o'i, wanda in an kasa biya sai ya zama igiyar jan mutum. Duka biyun sun haɗu a kan yaron nan.

Shirun gida

Canjin bai ɓuya ba. Ya daina bin limamin gari salla, sai su ware su uku a bayan shago. Ya matsa wa ƙanwarsa ta bar makarantar boko. Ya daina cin abincin gidan baffansa saboda ɗan gidan ɗan sanda ne. Mahaifiyarsa ce ta fara kai kuka wajen yayanta, wanda malamin firamare ne, kuma da yake ɗan fari ne ko sunansa ba ta kama ba: «Yaya, yaron nan fa ba shi ba ne. Ka zo ka gan shi.»

Kawun ya zo. Suna zaune a zaure yaron ya dube shi ya ce, «Kawu, ka san albashin nan da kake ci na ɗagutu ne?» Kawun ya ce, «Ɗan nan, da shi na biya maka kuɗin jarrabawa.» Yaron ya ce ai shi ya sa Allah bai sa wa jarrabawar albarka ba. A nan zancen ya tsaya.

Aka yi kusan shekara guda gidan ya sani, maƙwabta sun sani, liman ya sani, ba wanda ya kai magana gaba. Mai zama a birni zai kira wannan sakaci ko ma haɗin baki. Ni ban gan shi haka ba. Mutanen suna jin rediyo. Sun san a Maiduguri ƙungiyar ta bi masu unguwanni da malamai gida-gida tana kashewa bisa zargin su ne suka tona asirin 'ya'yanta. Sun san an harbe Shaikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar asuba a Ɗorayi a Afrilun 2007, an kashe Shaikh Albani Zariya a Fabrairun 2014, dukansu masu sukar aƙidar a fili. A ɗaya ɓangaren kuma sun san a Kano ana rushe gidan da aka samu 'yan ƙungiyar a ciki, kuma wanda aka tafi da shi da dare ba lallai a sake jin ɗuriyarsa ba. Gaba kura, baya sayaki. Uwa ba za ta kai ɗanta inda take ganin kashe shi za a yi ba, ko da ta tsani abin da yake yi. Ga doka kuma: dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011, wadda aka yi wa gyara a 2013, ta mai da ɓoye bayani laifi. Wato shirun ma laifi ne, maganar kuma tana iya zama ajali.

A tsakanin nan abin yana ta matsowa. An kai hari Ringim a Afrilun 2013. A watan Mayu aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, samarin Maiduguri suka tashi da gora suka fatattaki 'yan ƙungiyar daga unguwanni, suka koma daji, buƙatarsu ta sababbin hannu ta ƙaru. A farkon 2014 abokin yaron ya ce zai tafi gabas karatu. Bai dawo ba.

Bayan tafiyarsa ne mai turare ya zo karɓar bashinsa, amma ba kuɗi ya nema ba. Ya ce akwai baƙi biyu da za su kwana a shagon dare biyu, da jakar da za a ajiye. Yaron ya kawo uzurin rashin lafiyar mahaifinsa. Mutumin bai yi fushi ba, ya ce, «Mu ba kuɗinmu muke bi ba, amana muke bi. To ka shirya, in an tashi daga kasuwa Juma'a ta sama za ka bi mota, lokacin hijira ya yi.» Wannan ya faɗo a makon da aka kai hari Gwaram ta Jigawa, 9 ga Afrilun 2014, aka kashe 'yan sanda, kwanaki kaɗan kafin sace 'yan matan Chibok. Yaron ya kira ƙanwarsa, wadda ya so ya cire daga makaranta, ya ce ta riƙe teburin caji in ba ya nan. Ita ta gaya wa uwar.

Hukuncin zauren dagaci

Kawun ya tafi gidan mai unguwa bayan isha'i. Mai unguwa ya ce bai manta kalmominsa ba: «Mai unguwa, na zo da maganar da in ta fita, ko ta kashe yaron ko ta kashe ni.» A daren suka wuce wajen dagaci, aka aika aka kira yaron da sunan mahaifinsa ne ke nemansa.

Dagaci bai yi wa'azi ba. Tambaya ya yi: ka taɓa riƙe makami? Ka taɓa ajiye musu kaya? Ka yi musu mubaya'a? Yaron ya ce, «Ranka ya daɗe, ban yi ba.» Aka sa ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Da a ce ya amsa cewa ya yi ko ɗaya daga ciki, dagaci ya gaya wa kawun daga baya, da ba shi da ikon rufa masa asiri. Kafin asuba aka ɗora yaron a mota zuwa wajen ƙanin kakansa, wani malami manomi a fadamar Haɗeja, aka karɓe wayarsa. Da gari ya waye dagaci ya tafi wajen hakimi ya faɗi komai, har da inda aka kai yaron, hakimi kuma ya kira wani jami'in tsaro da ya yarda da shi ya ba shi kamannin mai turare da kasuwannin da yake ci.

Sai maganar bashi. Uwar ta kafe a kan sai an biya, ta ce muddin kuɗin mutumin na wuyan ɗanta, zai ga kansa a matsayin maci amana, kuma wata rana kunya kaɗai za ta mayar da shi. Aka kai ɗaya daga cikin shanun huɗar gidan kara aka sayar. Ranar Juma'a kawun ya sami mai turare a rumfarsa, gaban mutum biyu, ya ƙirga masa kuɗinsa ya ce, «Malam, ga amanarka, mun gode. Yaron ya tafi noma wajen kakansa.» Mutumin ya karɓa ya yi murmushi. Ba a sake ganinsa a kasuwar ba.

Jami'in tsaron ya ji haushi ƙwarai, kuma yana da gaskiya. Shirinsu a sa wa mutumin ido a ga su wa yake hulɗa da su, biyan bashin nan ya farkar da shi. Wa ya san samari nawa ya ci gaba da ba jari a wata kasuwar? Amma ita ma uwar tana da gaskiya, kuma ita ta fi kowa sanin abin da ke ɗaure ɗanta. Da a ce tun farko akwai yarda tsakanin gidan da hukuma, da an jinkirta biyan mako ɗaya an sami duka biyun. Rashin yardar ne ya sa kowa ya yi nasa shi kaɗai.

Zaman fadama

Malamin ya ce wata biyu cur bai taɓo masa zancen aƙida ba. Shinkafa ya sa shi: dashe, ban ruwa, korar tsuntsu, ya dawo a gajiye ya ci tuwo ya kwanta. Ya ba shi 'yar gona ya ce abin da ta bayar nasa ne. Sai daga baya ya ce ya zo su yi Arba'una Hadis, a nan ya gano yaron ya haddace aya ta 44 ta Suratul Ma'ida, mai magana a kan wanda bai yi hukunci da abin da Allah ya saukar ba, da fassararta, amma bai iya kawo farillan alwala a jere ba. Wannan ba abin mamaki ba ne. Binciken da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa a 2017, a kan waɗanda suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka da ƙafarsu, ya nuna kashi 57 cikin 100 sun amsa cewa fahimtarsu ga nassin addini kaɗan ce ko babu.

Da suka shiga muhawara, malamin ya bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ya kawo fassarar Ibn Abbas a kan ayar, cewa kafirci ne wanda bai kai kafircin fita daga addini ba. Ya kawo Annabi Yusuf da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba musulmi ba. Ya kawo fursunonin Badar da suka fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Ya kawo Usama ɗan Zaid, wanda ya kashe mutumin da ya yi kalmar shahada a fagen fama, Manzon Allah ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. Yaron yana ji, wani lokaci ya yi shiru, wani lokaci ya ce malaman gwamnati ne ke faɗin haka. Malamin ya ce masa, «Jikana, wace gwamnati ce ta san da ni a cikin wannan taɓo?»

A faɗar malamin, hujjojin sun sassauta shi ne kawai. Abin da ya karya shi ya zo ranar Juma'a 28 ga Nuwamban 2014, da suka ji a rediyo an tayar da bama-bamai an buɗe wuta a babban masallacin Kano ana tsaka da salla, mutum sama da 100 suka rasu. Masallaci ne da yaron ya sha ajiye babur ya yi Juma'a a harabarsa. Ya kwana biyu ba ya cin abinci. A rana ta uku ya ce, «Allah gafarta Malam, in da na bi motar nan, da ina cikin masu yin wannan ko?» Malamin ya ce masa ƙwarai kuwa.

Ya yi shekara uku a can. Auren farko ya lalace, iyayen yarinyar sun mayar da kuɗi. Ya dawo ya auri wata, yana noma, yana bin liman salla. Har yau akwai gidajen da ba sa barin 'ya'yansu su zauna a majalisarsa.

Ɗaya gidan

Gidan abokin nasa ba su je wajen kowa ba. Makonni kaɗan bayan ɓacewar mai turare, jami'an tsaro suka dira da dare, ba su sami wanda suke nema ba, suka tafi da uban da ƙaninsa ɗan shekara 17. Uban ya dawo bayan kwanaki. Ƙanin sai da ya haura shekara biyu a tsare, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba, aka sako shi ba takarda, ba haƙuri. Yaro ne da wansa ya sha zaginsa saboda ya ƙi barin makaranta.

Amnesty International ta ce a rahotonta na 2015 mutum sama da 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun daga Maris na 2011. Alƙaluman na Arewa maso Gabas ne, ba na Kano ba, amma labarinsu ya iso kowane ƙauye, kuma shi ke rufe bakin iyaye. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da na ambata ya sami kashi 71 cikin 100 suna cewa wani mataki na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, shi ne ya tunzura su suka shiga daga ƙarshe. Ƙanin nan bai shiga komai ba, tela ne yanzu. Amma ba ya gaida dagaci, don ya yi imani rahotonsa ne ya jawo musu, kuma ba wanda zai iya rantse masa cewa ba haka ba ne. Rahoton da ya tsirar da gida ɗaya shi ya nuna hanyar ɗayan.

Gurbin da ba a cike ba

Tun daga lokacin an samar da abubuwa. A 2016 aka buɗe shirin Operation Safe Corridor mai sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe domin mayaƙan da suka miƙa wuya. A Oktoban 2017 aka fara shari'ar ɗaruruwan waɗanda ake tsare da su a Kainji, inda aka sallami da yawa saboda rashin hujja. A shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin rigakafin tsattsauran ra'ayi, a 2022 aka sake dokar ta'addanci, aka ba cibiyar yaƙi da ta'addanci ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro gindin zama a doka. Mafi yawan abin da ya iso ƙasa na wanda ya riga ya ɗauki bindiga ne. Saurayin da ya ci jari, ya sha wa'azi, yana bakin ƙofa bai fita ba, a ƙauye irin wannan har yanzu dagaci ne da kawu da wani tsohon malami ke ɗaukar nauyinsa, ba tare da wata takarda da ta kare su ba. Da yaron ya gudu daga fadama ya bi motar, da dagacin ne zai amsa tambayar me ya sa ya ɓoye shi.

Bayan lamarin, hakimi ya sa kowane mai unguwa ya ajiye littafin rubuta baƙi: mai haya, mai talla da ke kwana, malamin da ya sauka da almajirai. An cika shi shekaru kaɗan, da hare-hare suka yi sauƙi aka watsar. Teburin caji ma ya rage tasiri, yanzu abin da yaro zai ji yana shigo masa kai tsaye ta TikTok da Telegram, ba mai turawa a tsakani balle a lura.

A ƙarshen 2025, da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga Katsina suna shiga ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, aka sake aiko da umarnin a farfaɗo da littafin, duk da garin na gabas ne, su kuma can yamma. Mai unguwa ya ce ya amsa da to, amma ya aika da tambaya: in sunan da zai rubuta na ɗan gari ne ba baƙo ba, wa zai kai wa, kuma me za a yi da yaron? Har lokacin da muka yi magana ba a aiko masa da amsa ba.